Kwanon Maƙwabta

A gidanmu na unguwar Congo-Russia akwai dokar da ko Baba bai isa ya karya ba: ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa fanko. Umma ce ta kafa ta, ni kuma nake shan wahalarta, don ni ce 'yar aike. Ina aji biyar na firamare lokacin, ga ƙiwa ga tsiwa.

Maƙwabtanmu na jikin katanga Kiristoci ne. 'Yarsu ƙawata ce, benci ɗaya muke zama a makaranta, ita ta yi mini lissafi, ni in tare mata faɗa. In suna da biki, babanta kan kawo kajinsa Baba ya yanka, don mu ma mu ci. A shekarar da nake magana, bikin godiyar kaka suka yi a cocinsu. Sai ga ƙawar tawa da kwanon samira mai jajayen furanni, shaƙe da shinkafa da kaza.

"Mamana ya ce a ci da zafi," in ji ta.

Kafin in kai wa Umma, cinya ɗaya ta yi ɓatan dabo. Allah ya yafe mini, amma ta yi daɗi.

Umma ta wanke kwanon ta kife. Ta ce Sallar layya ta kusa, a jira a cika shi da nama, ba za ta mayar wa mutane kwano da tuwon jiya ba. Ƙawata kuwa ta samu abin tsokana. Kullum a aji sai ta zungure ni.

"Mamana ya ce ko kun sayar da kwanonmu ne?"

"Ki ce mata Baba ya yi hula da shi, saboda sanyi."

Muka yi ta dariya har malama ta sa mu durƙuso.

Ba a kai ga Sallar ba gari ya rikice. Ba na son tuna hayaƙin nan. Muka gudu gidan kawuna a unguwar Ali Kazaure da abin da hannu ya iya ɗauka. Umma ta bar keken ɗinkinta, amma da aka kwance ƙunshin zaninta sai ga kwanon mutane a ciki. Na ji haushi ƙwarai, don takalmina na makaranta can aka baro shi.

Sallar ta zo lami. Kawu ya yanka rago, Umma ta soya kasonmu ƙarau, ta ɓoye. Ranar da aka koma makaranta ta cika kwanon, ta ɗaure shi da ɗankwali ta cusa mini a jaka. Mai ya tsiyaye ya jiƙe littattafaina. Maza suka riƙa bina suna shinshina kamar kyanwa, na kai wa ɗaya duka.

Gefena a benci babu kowa. Na jira har aka fita tara, sannan na tambayi malama labarin ƙawata. Ta ce suna nan lafiya, sun dai koma can wata unguwa, an canza mata makaranta. Da ta faɗi sunan unguwar na san zancen ya ƙare, wuri ne da Baba ya hana mu ko leƙawa. Na shiga bayan aji na yi kuka da kwano a cinya.

Na kai shi gida yadda na tafi da shi. Umma ta karɓa ta kwance ɗankwalin. Ta juye naman ta ba ƙannena, ni na kasa ci.

Shekaru bayan haka, ana haɗa mini kayan ɗaki, goggona ta ga kwanon a saman kabad ta sa shi cikin nawa, ta ce ai irinsu sun yi wuya yanzu. Umma ta taso da ciwon gwiwarta ta zare shi.

"Wannan ba namu ba ne," ta ce. "Masu shi ba su karɓa ba tukuna."