Yaya Mai Kitso

A wani gidan haya mai hawa uku a tsakiyar birni, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A ƙarƙashin matakala take kitso, kuma a gabanta matan gidan ke amayar da cikinsu: wannan mijinta minshari, waccan surukarta ta zo kwana biyu ta share wata. Yaya takan ja gashi ta ce, "Tsayar da kanki, ina jin ki."

Sai kuɗin haya ya fara tashi, shekara bayan shekara. Matar direba ce ta fara kwashe kayanta, malamar makaranta ta bi bayanta. Waɗanda suka maye ɗakunan ko sallama ba sa amsawa. Da abin ya fi ƙarfin Yaya, ita ma ta koma wani ƙaramin gari kusa da ƙaninta. Ɗakin yana da faɗi, ga tsakar gida, amma shirun wurin ya dame ta.

Wata ranar Asabar sai ga matar direba ta sauko daga mota, ta zauna a gabanta ta zame ɗankwali.

"Ke, wannan kitson ai sabo ne," in ji Yaya.

"Tsefe shi kawai, Yaya. Labari ne ya cika mini ciki."

Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko mataji. Ba su gama ba sai da rana ta yi sanyi.