Kawu Audu Bai Bar Jibiya Ba

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a bakin bodar Jibiya ya san Kawu Audu ba ya hura wuta sai ya sa kwalli. Direbobi na jere da yunwa, shi kuwa yana gaban ɗan madubinsa, zane ɗaure a ƙirji, yana cewa, "Ku jira, ni ban dahuwa da ido tsirara!"

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma ɗan daudu, bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara da shekaru wasu 'yan gari suka yi suna neman raba shi da Jibiya, ya ce nan aka yanke masa cibiya, ba inda za shi.

Ranar da suka danne shi a kasuwa suka aske masa kitso, ni hawaye nake don baƙin ciki. Shi ko ya shafa kai ya kira mai askar: "Kai ɗan nan, ka bar gashi a ƙeya. Komo ka ida! Ko wulaƙancin ma ba ka iya ba?"

Da suka gaji, suka jefa shi motar hatsi mai zuwa Maraɗi, wai kada ya dawo. Can gaba jandarmomin Nijar suka tare motar, suka ce ina takardarsa.

"Wace takarda? Ni kaya ne, ku tambayi masu lodi."

A kan babur aka maido shi. Masu korar ba su gama shan shayi ba sai ga hayaƙi na tashi daga rumfarsa. Ya ɗaga muciya: "Nijar ta ce ta gode, ku riƙe abinku! Mai cin tuwo shi matso!" Wallahi biyu daga cikinsu sun ci, har da ƙari.

Bara da ciwo ya kwantar da shi na roƙe shi ya dawo wurina Katsina.

"In tahi da ƙahwata su ce sun kore ni? Haba Isiya!" Sai ya yi ƙasa da murya. "Tsorona guda ne, kar a rasa masu yi mani salla."

Ranar da ya rasu, da yawa sun ƙi fitowa jana'izarsa, ba zan yi ƙarya ba, kuma har yau abin na ci mini rai. Amma direbobi sun kashe motoci, ƙawayensa 'yan daudu sun zo daga Maraɗi da Katsina, muka yi sahu uku. Ga shi nan kwance cikin ƙasar Jibiya, in akwai mai ƙarfi, ya zo ya ɗaga shi mu gani.

Allah Ka jiƙan Kawu Audu, Ka ba shi gidan da ba mai korarsa. Amin.