Kunyoyi Uku a Gonar Baffa

Ni ne na yi kuskure, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Amma neman aiki ba ya cikin laifina. Ko gobe aka buɗe ƙofa, zan sake nema.

Wani kamfanin casar shinkafa a bayan Bacirawa ne ya ɗauke ni gadi. Aka ce in fara ranar ɗaya ga wata. Na baza labari, har na faɗa a majalisa cewa ni da fartanya mun raba gari. Da na je, manaja ya ce injina ba su iso ba, in dawo bayan mako biyu. Na koma, ya ƙara wasu biyun.

Maimakon in faɗi gaskiya a gida, kullum da safe sai in sa gogaggun kaya, in hau adaidaita, in je in zauna a rumfar wani mai faci har la'asar.

A kwanakin nan ne Baffa, ƙanen mahaifina, ya kira gayyar noman farko a gonarsa ta gero. Shi ne bara ya tara mini mutane suka nome tawa tas, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Da ya aiko, na ce ina da aiki. Ranar gayyar na wuce su a bakin hanya, sun sunkuya a jere.

"Ranka ya daɗe, ma'aikaci!" in ji wani abokin wasana. "Bi ta can, kada laka ta taɓa takalmin gwamnati!"

"Ku dai ku yi ta fama," na ce.

Baffa bai ɗago ba. Ashe ya san ban fara aikin ba. Mai adaidaitan da ke sauke ni ya gaya masa. Da na dawo da yamma, na tarar an nome gonar duka, sai kunyoyi uku na bakin hanya. Wai Baffa ya ce a bar su, rabon ɗansa ne.

Kwana tara ina wuce su safe da yamma. Ciyawa ta shaƙe geron ya ɗashe, na gefensa kuwa kore shar. Kowa a garin ya san na wane ne, babu wanda ya taɓa.

A rana ta goma na shiga wurin manaja.

"Yallaɓai, damina ba ta jiran inji. Ranar da kuka shirya ku kira ni, ina gona."

"Akwai mutane da yawa a layi fa," ya ce.

"To, su shiga. Allah ya sa musu albarka."

Har yau ban yi da-na-sanin wannan maganar ba.

Washegari na saɓa fartanya na bi ta gaban majalisa. Suka yi shewa, wani ya ce ashe ni da fartanya an mayar da auren. Na wuce gonar Baffa, ban sunkuyar da kai ba. Ba su na yi wa laifi ba.

Ina tsakiyar noman kunya ta biyu Baffa ya iso, ya tsaya da hannuwa a baya yana kallon geron. Na ajiye fartanyar na durƙusa.

"Baffa, ƙarya na yi maka. Babu aikin da ya hana ni zuwa, girman kai ne kawai. Ka yafe mini."