Layin kyauta a kasuwar Gaya

Shekarar da 'yata ta fari ke ɗauke da ciki na biyu a wani ƙauye bayan Ajingi, kamfanonin waya biyu na ƙasashen waje ke ta rububinmu. Wannan ya rage kuɗin kira, wancan ya ƙara ragewa, mu kuwa daɗi muka ji. Cikinta na farko bai zo da rai ba, don haka muka yi da ita: kullum da hantsi ta yi mini filashin sau ɗaya, in gane tana lafiya. In naƙuda ta zo, sau uku, in taho. Ni ba na kiran ta, kunyar 'yar fari ba ta bari.

Ranar kasuwar Gaya na je sayen manja, na tarar sabon kamfanin ya kafa laima. Wata budurwa mai rigar kamfanin ta tare ni.

"Mama, layi kyauta, har da katin kira a ciki."

"Kyauta? 'Yar nan, ko gishiri ba a taɓa ba ni kyauta a kasuwar nan ba."

Ta yi dariya, ta ɗauki hotona, ta buɗe bayan wayata ta sa sabon layin, ta miƙo mini tsohon. Ba laifinta ba ne, mutane sun yi mata yawa. Ni a zatona lambar ta wayar ce, ashe a jikin ɗan katin layin da ta cire take. A ajin yaƙi da jahilci mun koyi karanta lamba, amma ba mu zo nan ba.

Kwana huɗu a garinmu Kademi wayar na cikin kwanon da ke kusa da murhu, shiru. Na ce ko caji ne ya ƙare musu. A na biyar na kasa cin abinci, na hau mota.

Tun daga zaure na ji kukan jariri. Ta haihu shekaranjiya, mace, uwar mijinta ce ta tsaya a kanta. Mijin ya duba wayata ya yi mini bayani yana sunkuyar da kai.

'Yata kuwa bango take kallo.

"Inna, sau uku kika ce. Na buga har na daina ganin lambar."

Na ajiye mayafi, na fita na hura wutar ruwan wankan jego. Ni na riƙa yi mata wankan safe da yamma, ba ta cewa komai sai sannu. Ranar jajiberin suna ina ɗaura mata zane ta ce, "Inna, ruwan yau ya fi zafi," ta jingina da ƙirjina.