Ranar Da Na Ce Ban San Baba Ba

A shekarun nan ina da shagon kayan abincin gida a garin Vaulx-en-Velin na ƙasar Faransa: gero, kuka, daddawa, busasshen kifi. Nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris in saro kaya a unguwar Barbès. Ni mace ce mai ji da kanta, gani nake babu dokar Faransa da ban haddace ba.

Sai wani dattijo ɗan Maraɗi, aminin marigayi mahaifina, ya zo neman aiki. Baba nake ce masa, shi ya yanka ragon sunana. Doka ta ce kafin a ɗauki baƙo aiki sai an miƙa takardunsa ga hukuma ta duba, na kuwa sani sarai. Amma da wane baki zan ce wa wanda ya san ni tun ina zanen goyo ya nuna mini takarda? Kunya ta hana ni. Gaskiya ma na fake da kunyar, don raina ya ba ni ba shi da su. Shekaru yana jera mini buhuna, in zan tafi Paris shi nake bar wa makulli.

Wata safiya masu binciken ma'aikata suka shigo tare da 'yan sanda. Baba na tsaye da buhun shinkafa a kafaɗa. Suka tambaye ni ko wane ne shi. Na tuna tarar da za a ci ni, na tuna rufe shago, na tuna 'ya'yana, sai na ji bakina ya ce ban san shi ba, ciniki ya zo yi. Baba ya dube ni sau ɗaya. Ya tako da buhun ya bi layin masu saye, ya biya, har yana tambayata ko shinkafar tana da kyau, don dai ƙaryata ta zauna. Duk da haka a bakin ƙofa suka nemi takardunsa, suka tafi da shi.

Daga baya wata lauya ta same ni, ta ce in na shaida shekarun da ya yi mini aiki, watakila a bar shi ya zauna. Sai dai shaidar tana nufin in tona kaina. Na ce zan yi shawara. Ina cikin shawarar aka sa shi a jirgi.

Da ya isa Maraɗi ya kira ni. Ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tuna mini firij ɗin baya yana yoyo. Bai taɓo zancen ba har yau. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwa masu shago, ku tambayi takardu tun ranar farko, ko da sa'an ubanku ne. In babu, ku nema masa hanyar da doka ta yarda tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofa. Ni kunyar da ta hana ni tambayar Baba, ba ta hana ni cewa ban san shi ba.