Kwana Biyar Ba Guga

A Gangara, in ka tambayi gidan Yahuza, za a ce ka nemi gidan da babu bido mai ruwan ɗorawa. Duk garin da irin wannan jarka ake ɗibar ruwa, shi kuwa tasa sai da ya ɗinke ta cikin buhu. Ana yi masa dariya, yana taya su, amma tsofaffi sun san dalili. Shekarar babban fari yana saurayi, ya ga hatsin ubansa ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi rawaya daga gindi har kai. Su tara suka kama hanyar Damagaram a ƙasa, su takwas suka isa. Ƙanwarsa Zuhaira aka rufe a gindin wata aduwa, kuma har yau ba ya iya nuna wace aduwa ce.

Tun daga nan ya yanke cewa duk cutar duniya ƙishirwa ce. Akuya ta yi tari, a ba ta ruwa. Baƙo ya zo da ciwon haƙori, shi ma ruwa.

Matarsa Rahamatu kaɗai ke iya masa. Tana da fangali shida a lambun mata, bakin rijiya, inda take noman dankalin turawa lokacin sanyi. Irin ta samo ne a hannun wani Buzu mai saukowa daga Abzin, kowace shekara tana ware ƙanana ta binne cikin yashi a ƙarƙashin gado. In Yahuza ya zo taya ta ban ruwa, guga uku take barin shi ga kowane fangali, sai ta ce, "Malam, ya isa."

Bara ta rasu. Da sanyi ya shigo ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya tarar irin ya fito da fararen tsiro kamar yatsu, yana jiran mai shi. Ya kwashe ya shuka duka. In wannan ya mutu, irin Rahamatu ya ƙare ke nan.

A mako na shida ganyen ƙasa ya fara rawaya. Yahuza ya tsaya a kansa. Ya ƙara guga. Washegari rawayar ta hau sama, ya sake ƙarawa. Kullum in ya juye na uku sai ya ji muryar Rahamatu a bayan kunnensa, a hankali, da rana tsaka: "Malam, ya isa." Ya waiga, ba kowa sai shingen ƙaya. Ya nemi tsari, ya zuba na huɗu, na biyar, na tara.

Fatu, taubashiyarsa, mai fangalin da ke kusa, ta gaji da kallo.

"Kai bawana, dankali kake nomawa ko kifi?"

"Ƙishirwa yake ji, Fatu. Ba ki ganin launinsa?"

"Ƙishirwa? Kwaɗi sun kusa naɗa ka sarki. Kawo hannunka."

Ta kama hannunsa ta tura cikin ƙasa har wuyan hannu. Laka ce mai sanyi. Ya zaro ɗan dankali guda, ya matsa, ya fashe da wari.

"Ka gani? Saiwa ma numfashi take. Ka shaƙe ta, ganye ya yi rawaya, ka ƙara shaƙe ta. Na ƙishirwa ƙasarsa a bushe take, wannan kuwa nutsewa yake."

Yahuza ya dubi ruɓaɓɓen dankalin da ke hannunsa. Shekara sittin da wani abu a nan ƙasar Damargu, bai taɓa jin ruwa ya yi wa shuka yawa ba.

Suka tuge ruɓaɓɓun suka kai nesa. Fangali huɗu sun tafi. Biyun da suka rage suka tsinke musu rawayan ganye, suka fasa bakinsu ruwan ya tsiyaye, suka tara busasshiyar ƙasa a gindi. Fatu ta kwance gugansa ta rataya a kafaɗa.

"Sai yatsanka ya shiga ƙasa ya fito ba laka. Kafin nan ko tofi ka yi a nan, sai na kai ka wurin maigari."

Kwana biyar yana zuwa da safe, ya zauna tsakanin rijiya cike da ruwa da ganye mai rawaya, hannayensa a matse ƙarƙashin cinya. Matan lambu suna tsokanar sa wai ya zama mai gadin rijiya. Shi kuwa hatsin ubansa yake gani, da hanyar nan, da aduwar. A kwana na uku ya tashi har ya ɗauki gwangwanin wata mata. Ya daɗe riƙe da shi kafin ya ajiye.

Ran na biyar yatsa ya fito a bushe. A kan tsiron, sabon toho ya leƙo, kore shar. Fatu ta jefo masa gugan.

Ya zuba ɗaya. Ya zuba biyu. Ya zuba na uku, ya tsaya da guga a hannu, ya karkata kunne. Iska kawai ke taɓa shinge. Ya jira har ruwan ya shige ƙasa, muryar ba ta zo ba.

"To," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "Ya isa."

Ya naɗe igiya.