Robar da Ba Ta Jin Zafi

Shekarun baya, lokacin da na fara sayar da silin roba a Funtua, wani babban mai sayen auduga ya zo shagona. Ya gina sabon sito a hanyar Malumfashi, yana son a sa masa silin. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Alhaji, auduga zan zuba. Kar ka sa mini abin da zai taya wuta aiki." Na san in na kuskure a nan, sunana ya mutu a kasuwa.

Mai kawo mini kaya daga Kano ya zo da samfuri biyu, ɗaya mai sheƙi, ɗaya marar sheƙi. Ya ɗaga mai sheƙin, ya kara masa ashana, ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ce, "Ka gani? Wannan ba ya jin zafi."

Na ce, "Na ji ba ya jin zafi. Ba ya cin wuta fa?"

Ya yi dariya. "Ai duk ɗaya ne, Alhaji. Ko ka koma malamin Hausa?"

Ban yi musu ba, na ja shi wurin abokina mai walda. Muka yanki kowanne, muka daidaita nauyinsu a sikeli, muka rataya gwangwanin madara cike da ruwa a saman kowanne. Abokina ya sa musu wutar gas ɗinsa, sannan ya janye.

Mai sheƙin ya daɗe yana taurin kai. Da ya kama kuwa, sai ya ci kamar an zuba masa kananzir, yana ɗiga da wuta, har ruwan ya tafasa. Garin leƙe gefen gemuna ya yi ƙauri. Ɗayan, wanda ba shi da kyan gani, ya yi baƙi ya motse, wutar ta mutu da kanta. Na tsoma yatsa a ruwansa, ɗumi-ɗumi ne kawai.

Abokina ya nuna su ya ce wa Bakanon, "Malam, ga na dafa shayi, ga na silin."

Labari ya kai wa mai auduga. Ya zo da kansa ya sa aka sake gwajin a gabansa, ya ba ni aikin, ya kuma turo mini abokansa daga Danja.

Har yau in na bi ta gaban siton nan a lokacin kaka, na ga motoci suna sauke auduga, sai in ji daɗi a raina. Tun daga ranar, duk wanda ya yaba mini kayansa, nakan saurari kalmar da ya zaɓa, sannan in tambaye shi wadda ya bari.